Shin Mutuwar Shahararru Tana Jan Masu Rauni Zuwa Kashe Kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum muna ji a labarai cewa masu kashe kansu ƙaruwa suke yi. Ina da ƙane ɗan shekara 19 da ya yi watanni yana janye jikinsa daga mutane, ba ya samun barci, kuma tun da wani tauraro da yake so ya kashe kansa, ba shi da aiki sai karanta labarin da kallon bidiyonsa. Da gaske ne irin wannan mutuwar tana jan wasu? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ƙanenki lafiya. E, da gaske ne, kuma masana sun shafe shekara 50 suna auna abin da alƙaluma a ƙasashe daban-daban. Sai dai ba kowa yake ja ba, kuma mafi yawan ɓarnar daga yadda ake baza labarin take fitowa. Abubuwan da kika lissafa game da yaron nan, janyewa ta watanni, rashin barci, da maƙalewa labarin wanda ya kashe kansa, sun isa a zauna da shi yau, a kuma kai shi wurin likita cikin makon nan. Zan zo kan yadda za a yi hakan, amma bari in fara da batun ƙaruwar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 727,000 ne suka kashe kansu a shekarar 2021, kuma kashi 73 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki suke. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kisa. Duk da haka, idan aka haɗa duniya baki ɗaya aka auna da yawan jama'a, raguwa aka samu, har da kashi 36 cikin 100 daga 2000 zuwa 2019. Yankin nahiyoyin Amurka ne ya saɓa, inda abin ya hau da kashi 17. Yawancin rubuce-rubucen da ke cewa abin na ƙaruwa daga ƙasar Amurka suke fitowa, kuma a can gaskiya ne. A watan Yunin 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sanar da ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 daga 1999 zuwa 2016, shekarar da aka rasa mutum kusan 45,000. Rahoton ya fito ne a makon da Kate Spade mai zayyana jakunkuna da Anthony Bourdain mai shirin abinci a talabijin suka kashe kansu, kwana 3 tsakani, shi ya sa tambayar ƙaruwar da ta tasirin mutuwar shahararru suka manne da juna a bakin mutane. Zuwa 2022 adadin a Amurka ya haura 49,000.

A ƙiyasin 2019 yankin Afirka ne a sama, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali na duniya 9 ne. Amma ƙasashe kusan 80 ne kawai ke da rajistar mace-mace mai ingancin da za a dogara da ita. A wajenmu ana binne mamaci a ranar da ya rasu, iyali kuma kan ɓoye dalili saboda kunya da tsoron hukuma. Abin da ya ƙaru ƙarara shi ne jin labarin. Abin da a da ba ya wuce unguwa, yanzu kafin la'asar ya zaga wayoyin jihohi goma, har da hoto. Wannan kuwa shi ne ainihin inda haɗarin da kike tambaya yake.

Wanda ya fara auna abin sosai shi ne David Phillips, masanin zamantakewa a Amurka, a 1974. Ya tattara labaran kashe kai da suka hau shafin farko na jaridu cikin kusan shekara 20, ya kwatanta mace-macen watan da ya biyo baya da na wannan watan a shekarun da ke gefe. Ya ga adadin kan hau, kuma gwargwadon yawan kwanakin da labarin ya yi a shafin farko, gwargwadon hawan. Bayan mutuwar 'yar fim Marilyn Monroe a watan Agustan 1962, ƙarin a Amurka ya kai kusan kashi 12 cikin 100. Shi ne ya raɗa wa abin suna tasirin Werther, daga sunan saurayin wani labari da marubuci Goethe na Jamus ya wallafa a 1774, wanda aka ce wasu samari sun kwaikwayi ƙarshensa. Phillips ya kuma gwada hujjar da mutane suka fi kawowa, wai waɗannan dama za su mutu, labarin lokaci kawai ya matso musu da shi. Da haka ne, da an ga adadin ya faɗi ƙasa da yadda aka saba a watannin gaba. Bai ga hakan ba. Ma'ana, rayuka ne da aka yi asararsu a kan waɗanda aka saba.

Misalin da aka fi tantancewa a zamaninmu shi ne na ɗan wasan barkwanci Robin Williams, wanda ya mutu ranar 11 ga Agustan 2014. Masu bincike a Jami'ar Columbia sun lissafa cewa daga Agusta zuwa Disamba ana tsammanin mace-mace 16,849, sai aka samu 18,690. Ƙarin mutum 1,841 ke nan, kusan kashi 10 cikin 100. Maza 'yan shekara 30 zuwa 44 ne abin ya fi shafa, wato waɗanda suka taso da finafinansa. Amfani da irin hanyar da ya bi kuwa ya ƙaru da kashi 32, alhali sauran hanyoyin ƙaruwarsu kaɗan ce. A kwanakin da suka biyo bayan mutuwarsa an yi kusan duk abin da masana ke hanawa. Jami'an tsaro sun bayyana yadda abin ya faru dalla-dalla a gaban 'yan jarida, gidajen talabijin suka yi ta maimaitawa, hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta wallafa saƙon ban kwana mai nuna cewa yanzu ya samu 'yanci, saƙon ya zaga duniya. Sai bayan watanni binciken gawa ya nuna yana ɗauke da wata cutar ƙwaƙwalwa mai tsanani, wadda ke rikita tunani, barci da motsin jiki. Wannan bayanin bai yaɗu kamar na farkon ba.

A 2020 Thomas Niederkrotenthaler na Jami'ar Likitanci ta Biyana da abokan aikinsa suka haɗa bincike 31 wuri ɗaya a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ. Sakamakon: bayan yaɗa labarin shahararren da ya kashe kansa, adadin kan hau da kimanin kashi 13 cikin 100 a makonnin da ke biye, idan kuma an ambaci hanyar da ya bi, mace-mace ta wannan hanyar kan hau da kashi 30. An ga irin haka a Hong Kong bayan mawaƙi kuma ɗan fim Leslie Cheung a 2003, a Koriya ta Kudu bayan 'yar fim Choi Jin-sil a 2008, inda mata matasa suka fi shiga ciki, da Jamus bayan mai tsaron ragar ƙwallon ƙafa Robert Enke a 2009. Ki lura da abin da ke maimaituwa: waɗanda suke ganin kansu a jikin mamacin, ta jinsi, ta shekaru ko ta halin da yake ciki, su ne a gaba. Ko mutuwar da ba ta kashe kai ba tana iya taɓa masu rauni. A watan da ya biyo bayan jana'izar Gimbiya Diana a 1997, wadda haɗarin mota ne ajalinta, kashe kai a Ingila da Wales ya hau da kusan kashi 17, mafi yawa a mata sa'o'inta.

Masu suka kan ce waɗannan alƙaluman na ƙasa ne gaba ɗaya, ba su nuna cewa kowane mamaci ya karanta labarin ba. Wannan haka yake. Abin da ya gamsar da masana shi ne haɗuwar lokaci, da hanya, da kamannin waɗanda abin ya shafa, sannan da abin da ya faru a Biyana, babban birnin Ostiriya. Daga 1984 zuwa 1987 jaridun birnin sun riƙa zuzuta labarin masu hallaka kansu a layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin kuma yana ta ƙaruwa. A tsakiyar 1987 likitoci suka zauna da editoci aka fitar da ƙa'idojin ba da labari. Jaridun suka daina sa shi a shafin farko, suka rage bayani. Cikin wata 6 mace-mace da yunƙuri a layin suka faɗi da sama da kashi 80 cikin 100, kuma suka daɗe a ƙasa. Jirgin yana nan, talaucin mutane da damuwarsu suna nan, salon labarin kaɗai aka sauya.

Akwai kuma inda aka yi tsammanin masifa ba ta zo ba. Da mawaƙi Kurt Cobain ya mutu a Afrilun 1994, binciken da aka yi a yankin Seattle na Amurka, inda ya mutu, bai ga ƙarin mace-mace ba, sai ƙarin masu kiran layin neman taimako. Kafofin labarai sun riƙa haɗa labarin da lambar taimako, matarsa kuma ta fito fili ta nuna baƙin cikinta da fushinta kan abin da ya yi, babu ado. A 2010 Niederkrotenthaler ya nuna ɗaya ɓangaren: labaran mutanen da suka shiga irin wannan ƙuncin suka nemi taimako suka fita, raguwar mace-mace ke biyo bayansu. Wannan shi ake kira tasirin Papageno.

To, me labarin ke yi wa mai rauni? Tartsatsin wuta ba ya cin ɗanyar ciyawa, busasshiya yake kamawa. Mai lafiya zai karanta, ya yi salati, ya wuce. Wanda ciwon damuwa ya riga ya cinye, ko mai shaye-shaye, ko wanda ya taɓa yunƙurin kashe kansa, ko wanda ya rasa wani nasa ta wannan hanyar, shi labarin ke miƙa wa abubuwan da ba shi da su a da. Yana ba shi hanya, bayan a da tunanin nasa a dunƙule yake babu tsari. Yana ba shi hujja: idan mai kuɗi da suna da masoya bai iya jurewa ba, ni wa? Yana kuma nuna masa sakamako na ƙarya, domin yana ganin yabo, da kuka, da nadamar waɗanda suka ɓata wa mamacin, sai ya ɗauka mutuwa ce za ta sa a ji shi. Mafi muni shi ne labarin da ke rataya mutuwar a kan dalili guda: ya faɗi jarabawa, budurwa ta yaudare shi, bashi ya yi masa yawa. Dubban matasa na cikin wannan halin a ranar, kuma an gaya musu ke nan cewa ga abin da mai irin matsalarsu ke yi. Alhali idan aka bincika, kusan kullum abubuwa ne da yawa suka taru, abin da aka ambata shi ne na ƙarshe kawai.

Dalilin da ya sa ambaton hanya ke da haɗari haka shi ne gajartar lokacin. Tunanin mutuwa kan yi watanni yana zuwa yana tafiya, amma ƙololuwar, inda mutum ke aikatawa, gajeriya ce ƙwarai. A wani bincike da aka yi a Ostiriya a 2009 kan waɗanda suka tsira, kusan rabinsu sun ce tsakanin tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Saboda haka duk abin da ya tsawaita tazara tsakanin mutum da abin da zai cutar da kansa da shi, ceton rai ne. Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi guba a matakai, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995, aka ƙiyasta an ceci rayuka 93,000 cikin shekara 20. A Najeriya ma, a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wani maganin ƙwari bayan sunansa ya yi ta yawo a labarai da shafukan sada zumunta. Da gangan na ƙi ambaton sunan, kuma ina roƙon masu rubutu su daina.

A yau kowa edita ne. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna yadda tashoshin can suka shafe makonni kan mutuwar jarumi Sushant Singh Rajput a Yunin 2020, da hotuna da zarge-zarge, kuma gutsattsarin abin ya iso wayoyin matasanmu. Idan irin wannan labarin ya shigo zauren WhatsApp na dangi ko na makaranta, kada a tura hoton gawa ko na wurin, kada a faɗi abin da aka yi amfani da shi, kada a tura wasiƙa ko saƙon ƙarshe na mamacin, kada a rubuta "ya huta" ko "ya rabu da wahala". A ce wane ya rasu, a yi wa iyalinsa ta'aziyya, a ambaci alherinsa, a ƙara da cewa duk wanda ke cikin ƙunci ya yi magana da wani, akwai magani. Mai kula da zaure ya goge abin da ya saɓa wa haka ya faɗi dalili. Tsinuwa da yanke wa mamaci wuta a bainar jama'a ma ba sa kare kowa. Abin da mai rauni ke koya daga ciki shi ne kada ya kuskura ya faɗa wa kowa abin da ke ransa.

Yanzu ga ƙanenki. Ki zaɓi lokacin da babu kowa, kada a yi taron dangi a kansa. Wasu samarin sun fi sakin baki idan ana tafiya ko ana wani aiki tare, ba ido cikin ido ba. Ki fara da abin da kika gani: "Na lura ka daina fita, ba ka barci, kuma labarin nan ya tsaya maka a rai. Me kake ji idan kana kallo?" Ki yi shiru ki saurara, ko da shirun ya yi tsawo. Sannan ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Mutane na tsoron wannan tambayar, wai za ta cusa masa tunanin. An gwada wannan a bincike da dama, ciki har da wanda aka yi kan ɗaliban sakandare a New York a 2005, ba a ga ta ƙara haɗari ba, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Tambaya mai kewaye irin "ba dai wani mugun abu kake saƙawa ba ko?" ita ce ba ta da amfani, domin ta riga ta gaya masa amsar da kike so.

Idan ya ce e, ki riƙe fuskarki, kada ki yi ihu ko ki fashe da faɗa. Ki gode masa da ya faɗa miki. Ki tambaya: tun yaushe? Ya tsara yadda zai yi? Abin yana hannunsa? Ya sa rana? Ya taɓa gwadawa? Yana shan wani abu, ƙwaya, kodin, wiwi ko giya? Wanda ke da tsari, da abin a hannu, ko ya taɓa gwadawa, wannan gaggawa ce, a tafi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai ko da dare. Kada ki yi masa alkawarin ɓoye sirri. Ki ce masa ransa ya fi sirrin, amma shi zai zaɓi wanda za a fara gaya wa, Baba ko Mama ko wani kawu da yake jin daɗinsa. Kalmomin da suka fi rufe bakin mai wannan hali su ne "kai ba namiji ba ne?", "me ka rasa?", "wasu sun fi ka matsala", da "rashin imani ne". Addini kariya ce ta gaske, kuma sanin haramcin abin yana riƙe mutane da yawa. Amma mai ciwon damuwa ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba komai ba ne, abin da yake buƙatar ji shi ne ƙarshen ayar nan ta 29 a Suratun Nisa'i, inda bayan hanin aka ce Allah Mai jin ƙai ne gare ku. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ɗaure mutum da mari, ko dukansa da sunan cire aljani, ƙara masa ciwo ne.

A daren nan, ko me ya amsa, a kwashe maganin feshi na gona, maganin ɓera da na sauro mai ruwa, da tarin magungunan asibiti da ke cikin durowa, a kulle su ko a kai gidan wani. Idan akwai bindigar farauta ko ta aiki a gidan, a fitar da ita. Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko na sukari, ya riƙe nasa a kulle. Game da waya, ƙwace ta da ƙarfi kan yanke shi daga abokan da watakila su ne suka rage masa, ya kuma koya masa ɓoyewa. Ku zauna tare ku goge tarihin bincike da na kallo a YouTube da TikTok, ku daina bin shafukan da ke maimaita labarin, domin manhajojin nan abin da mutum ya daɗe a kansa suke ƙara turo masa. Ku yi yarjejeniya wayar ta kwana a falo. Tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci shi yana farke, shi ne lokaci mafi nauyi, kuma rashin barci shi kansa yana ƙara haɗarin.

Inda za a je: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, asibitin Dawanau a Kano, ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos. Idan waɗannan sun yi nisa, babban asibiti mafi kusa zai fara dubawa ya tura. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce. Ki raka shi, ki kuma faɗa wa likita da bakinki cewa akwai tunanin kashe kai, domin da yawa kan shiga su ce ciwon kai ne da rashin barci, a ba su magani su fito. Ki faɗa idan ya taɓa yin kwanaki yana rawar kai, ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu da kashe kuɗi ba kai ba gindi, ko idan yana jin muryoyi, domin wannan na sauya irin maganin da za a ba shi. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi, wani lokacin har 6. A nan iyalai ke kuskure: su daina a mako na biyu wai ba ya aiki, ko su daina da zarar ya warware. Ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, kuma likita ne ke janye shi a hankali. A makonnin farko, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, a sa ido sosai, domin wasu kan ji ƙarin rashin natsuwa, kuma ƙarfin jiki kan dawo kafin baƙin tunanin ya tafi. Maganin ya zauna a hannunki ki riƙa ba shi na ranar. Ki kuma nemi a haɗa shi da mai ba da shawara ta hanyar tattaunawa, idan asibitin na da shi.

Akwai wata takarda da ake kira tsarin kariya, wadda masana Barbara Stanley da Gregory Brown na Amurka suka tsara, kuma a binciken 2018 waɗanda aka yi musu ita tare da bibiya ta waya sun samu raguwar yunƙuri da kashi 45 cikin 100 cikin wata 6. Shi zai rubuta da hannunsa: alamomin da ke nuna masa abin na tasowa, abin da zai yi shi kaɗai don ya lafa, kamar alwala da fita tsakar gida ko motsa jiki, wuraren da zai je ya shiga mutane, mutum biyu ko uku da zai kira da lambobinsu, asibitin da za a je, da abubuwan da aka kawar daga gidan. Wannan ya fi sa shi rantsuwa cewa ba zai yi ba, domin rantsuwar hankalinku kawai take kwantarwa.

Idan, Allah Ya kiyaye, aka tarar ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri, kada kuma a sa shi amai. Abin kan koma huhu ya ƙara ɓarna. A kwantar da shi a gefensa, a cire tufafin da abin ya zuba a kai, a ɗauki kwalbar ko fakitin a tafi asibiti nan take ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin wasu gubobin sai bayan sa'o'i suke nuna kansu. Tsoron hukuma kan sa iyali su ɓoye gaskiya, tunda sashe na 231 na kundin dokokin laifuka na Arewa, Penal Code, ya tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙuri. A ganina wannan tanadin yana kore mutane daga magani, kuma Ghana ta yi daidai da ta soke irinsa a 2023. Ko ma mene ne, likita ba zai iya ba da makarin gubar da bai san sunanta ba, don haka a faɗa masa abin da aka sha, da yawansa, da lokacin.

Wanda ke karanta wannan kuma shi ne ke cikin halin, ka gaya wa mutum ɗaya yau, ka miƙa masa abin da ka ajiye, ka ce ya raka ka asibiti.

Abu biyu za ki kiyaye bayan an fara magani, Malama. Idan bayan makonni na ƙunci ya wayi gari cikin natsuwa ba tare da dalili ba, yana rabar da kayansa, yana biyan bashi, yana neman gafarar mutane, kada a ɗauka sauƙi ne, a sake tambayarsa kai tsaye a koma asibiti. Sannan idan an kwantar da shi aka sallame shi, makon farko zuwa wata 3 na bayan sallama su ne mafi haɗari. A karɓi ranar komawa kafin a bar asibitin, ta kasance cikin kwana 7, a kuma raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku a gidan, wa zai kwana kusa da shi, wa zai riƙe magani, wa zai raka shi, don kada nauyin ya tsaya a kanki ke kaɗai.